Saifa ce ko Kansa? Nazarin Lamarin wani Ƙulli a Wutsiyar Fankiriyas a Gombe

Mara lafiyar magidanci ne ɗan shekara 47, dillalin hatsi. Gidansa na wani ƙauye a hanyar Kumo, harkarsa kuma a Tudun Hatsi cikin garin Gombe. Abin da ya kai shi asibiti ba shi da wata alaƙa da fankiriyas. Ciwon kwiɓin hagu ne ya taso masa da bazara, mai murɗawa ya gangara har mara, ga ɗan jini a fitsari. Mutum ne mai wuni a rana a kan buhuna, ruwa kuma sai in ya tuna. Sikanin ya nuna ƙodar hagu ta ɗan kumbura, sai aka tura shi hoton CT don a nemo tsakuwa. An kuwa same ta, 'yar ƙarama, a bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, kuma ta fita da kanta bayan magani da yawan shan ruwa.

A layin ƙarshe na takardar sakamakon ne magana ta canza. Likitan hoto ya rubuta cewa ya ga wani ƙulli kewayayye mai faɗin santimita 1.9 a wutsiyar fankiriyas, mai shan jini sosai, kuma akwai yiwuwar ƙarin niyuro-endokirin ne, wanda likitoci ke taƙaitawa da NET, wato ƙarin da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke sakin sinadarai cikin jini. Ya ba da shawarar a ga likitan tiyata. Rahoton daidai yake, don hoton neman tsakuwa aka ɗauka, ba a tsara shi don tantance fankiriyas ba, kuma wanda ya ga irin wannan ƙulli wajibinsa ne ya faɗa.

Fankiriyas gaɓa ce doguwa, tsawonta wajen santimita 15, tana kwance a bayan tumbi. Ita ke tura ruwan narkar da abinci cikin hanji, ita ke kuma sakin insulin cikin jini. Kanta na dama, a cikin lanƙwasar farkon hanji, jikinta na tsakiya, wutsiyarta kuwa ta miƙe hagu har ta kai ƙofar saifa, inda jijiyoyin jini ke shiga da fita. Wannan maƙwabtaka ta wutsiya da saifa ita ce tushen duk abin da ya biyo baya.

Su uku suka shigo ofishina na likitan tiyata: shi, da yayansa, da ɗan yayan, ɗalibin da ya riga ya bi kalmomin takardar ɗaya bayan ɗaya a wayarsa. Wani kawunsu ya rasu shekarun baya da kansar kan fankiriyas, sun ga yadda idanunsa suka rine da shawara, sun ga yadda ya ƙare a tsaye cikin 'yan watanni. Yayan ne ya yi magana.

"Likita, mun taɓa ganin irin wannan a gidanmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In a nan za a yi aikin, a yi. In kuma Masar ne, ku rubuta mana takarda, mun riga mun ware shanu biyu."

Na ce masa, "Alhaji, tsoronku na kan hanya, kuma ba za mu yi sakaci ba. Amma kafin a yi maganar wuƙa ina son in ga hoton da idona. Ina faifan?"

Takarda kawai suka zo da ita, da babban fim guda mai ƙananan hotuna a jere. Faifan da ke ɗauke da dukkan hotunan yana can inda aka ɗauka, ba wanda ya ce musu su karɓa. Yaron ya koma ya karɓo. Wannan abu ne da nake roƙon kowa ya riƙe: duk wanda aka yi wa CT ko MRI ya nemi faifansa, don fim ɗin da ake bugawa zaɓaɓɓun hotuna ne kaɗan daga cikin ɗaruruwa, kuma ba a iya aune-aune a kansa.

Tambayoyi da gwaje-gwaje

Na yi masa tambayoyi dalla-dalla. Bai rame ba, mazagin wandonsa na nan inda yake. Yana cin abinci yadda ya saba. Babu ciwon baya mai hana barci, irin wanda kansar jiki da wutsiyar fankiriyas ke kawowa, wanda mai shi ba ya samun sauƙi sai ya zauna ya duƙa gaba. Babu shawara, babu ƙaiƙayi, fitsari bai yi duhu ba. Ba shi da ciwon suga, ba ya shan taba. Jininsa AA ne. Bai taɓa yin haɗarin mota ko babur da ya taɓa masa ciki ba, ba a kuma taɓa yi masa tiyata ba. Waɗannan biyun na ƙarshe suna da muhimmanci, don idan saifa ta fashe a haɗari, gutsattsarinta kan warwatsu su kama a sassan ciki su rayu, kuma wannan wani lamari ne daban.

Wasu daga cikin ƙarin NET na sakin sinadarai cikin jini. Wanda aka fi sani shi ne insulinoma, mai sakin insulin ba ƙa'ida, sai suga ya faɗi, mutum ya jiƙe da gumi, jiki na rawa, ya rikice ko ya suma in ya daɗe bai ci ba. A asibiti akan gwada wannan da azumin da ke iya kaiwa awa 72 ana auna jini. A wurinmu akwai tambaya mai sauƙi da ke ba da haske tun kafin nan.

"Malam, yaya azumin bana ya zo maka?"

"Lafiya ƙalau, Likita. Ban sha ko ɗaya ba, kuma ina kasuwa. Har Sitta Shawwal na yi."

Mutumin da ya yi watan Ramadan yana ɗawainiya a rana bai taɓa jin jiri ba, da wuya ya zama mai insulinoma. Akwai kuma gastirinoma, mai sa olsa mai taurin kai da gudawa. Shi ba ya gudawa, bai taɓa amai ko bayan gida da jini ba, sai dai yana da ƙwannafi, kuma ya shekara da shekaru yana sayen omeprazole a kemis yana sha kusan kullum.

Gwajin jiki bai nuna komai ba. Saifa ba ta kumbura ba, hanta daidai, babu kaluluwa a wuya. Suga, aikin hanta da aikin ƙoda duk lafiya. Gwajin CA 19-9, sinadarin da kan hau a jinin masu kansar fankiriyas, ya fito ƙasa da 37, wato cikin iyaka. Ban jingina da wannan ba sosai, saboda akwai mutanen da jikinsu ba ya yin wannan sinadari kwata-kwata ko da suna da kansa, kuma irinsu sun fi yawa a cikin baƙar fata. Ƙarin NET ma ba ya ɗaga shi.

Sai yaron ya zaro wata takarda daga aljihu. Tun kafin su zo sun biya kuɗi a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa an auna masa kuromogiranin A, sinadarin da kan hau a jinin masu NET, kuma ya fito sama da iyaka. A wurinsu wannan ya gama magana. To amma omeprazole da danginsa na ɗaga wannan sinadari sosai: idan aka danne ruwan tsamin tumbi, jiki kan ƙara sakin gastirin, sinadarin da ke sa tumbi ya saki ruwan tsamin, wasu ƙwayoyin bangon tumbi su yawaita, su kuma saki kuromogiranin. Raunin ƙoda ma na ɗaga shi. Na sa ya ajiye maganin mako biyu, na ba shi ruwan maganin ƙwannafi a madadinsa, aka sake gwajin, ya sauko daidai. A garin da ake shan maganin olsa ba tare da takardar likita ba, duk wanda zai auna wannan sinadari ya fara tambayar abin da mutum ke sha.

Abin da faifan ya nuna

Na zauna da likitan hoto muka buɗe faifan a kwamfuta. Ƙullin na can ƙarshen wutsiya, ta ɓangaren baya, dab da ƙofar saifa. Gefensa sumul, iyakarsa a fili, cikinsa bai ɗaya, babu ruwa, babu ƙeƙasasshen wuri. Bututun fankiriyas bai faɗaɗa ba, naman da ke kewaye bai motse ba, jijiyoyin saifa suna tafiya lafiya ba abin da ya shaƙe su. Hanta fes, babu kaluluwa.

Likitan hoton ya ɗora ɗan da'ira a kan ƙullin, wani a kan saifa, wani a kan naman fankiriyas, don na'urar ta ba da lambar hasken kowanne. Kafin a yi allurar kwantaras, ruwan nan da ake turawa ta jijiya don ya haska inda jini ke bi, lambar ƙullin da ta saifa sun yi kusan daidai. Bayan allurar ma haka, su biyun sun hau tare sun bar fankiriyas a baya. Ya kalle ni ya ce, "Wannan fa ina zaton 'yar saifa ce."

'Yar saifa abu ne da ake haifar mutum da shi. A mako na biyar na ciki, saifa na farawa ne a matsayin ƙananan tarin ƙwayoyi da dama a cikin tantanin da ke bayan tumbin ɗan tayi, sannan su haɗe su zama gaɓa guda. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu kan ƙi haɗewa, kamar gutsuren tuwo da ya rage a gefen mara bayan an gama kwasa, sai ya girma a inda ya tsaya da 'yar jijiyarsa daga jijiyar saifa. Ba abu ne mai wuyar samu ba. Binciken gawarwaki da na hotuna na nuna cewa aƙalla mutum ɗaya cikin goma na da ita. Mafi yawa, wajen kashi 80 cikin 100, suna zaune a ƙofar saifa, kuma a nan ba wanda ke ruɗewa da su. Wuri na biyu shi ne wutsiyar fankiriyas. Likitoci biyu a Amurka, Halpert da Györkey, sun buga binciken gawarwaki a 1959, kuma daga irin aikinsu ne aka san cewa kusan ɗaya cikin shida na 'ya'yan saifa a wutsiyar ake samunsu. Galibi ba sa wuce santimita 1 zuwa 3. Yawanci ba sa ciwo, ba sa yaɗuwa, ba sa buƙatar magani. A da mutum kan rayu ya mutu bai san yana da ita ba. Yanzu da na'urorin CT suka ƙaru a Gombe da Bauchi, za mu riƙa cin karo da su a hotunan da aka ɗauka don wani dalili.

Zato kaɗai bai isa ba, don haka muka jera abin da ƙullin zai iya zama. Kansar fankiriyas da aka fi sani, mai tasowa daga bututu, ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na kansar gaɓar, ita ce ta kashe kawunsu, kuma ko a Amurka waɗanda ke kai shekara biyar bayan gano ta ba su wuce kashi 13 cikin 100 ba. Amma kamanninta a hoto akasin wannan ne. Ba ta shan jini sosai, tana fitowa da duhu a kan fankiriyas mai haske, gefenta ba ya da iyaka, tana toshe bututu ya kumbura a bayanta. Wannan kam mun iya cire ta da ƙwarin gwiwa, na kuma gaya wa iyalin haka a ranar, don su samu barci. Kansar ƙoda kan yi tsalle zuwa fankiriyas ta fito da haske, amma ƙodojinsa biyu ga su a hoton, babu ƙari a cikinsu. Akwai wani ƙari da ke kama 'yan mata da matasan mata, shi kuwa namiji ne mai shekara 47. Tarin fuka na iya kama fankiriyas, kuma a yankinmu ba a mantawa da shi, sai dai yakan zo da zazzaɓi da rama da kaluluwa masu ruɓewa a tsakiya. Abin da ya rage biyu ne: 'yar saifa ko ƙaramin NET marar sakin sinadari. Su biyun ƙanana ne, kewayayyu, masu haske, kuma wutsiya wurin zaman kowannensu ce. Likitoci a ƙasashe da dama sun ba da rahoton mutanen da aka yanke wa wutsiyar fankiriyas da zaton NET, sai da naman ya je ɗakin bincike aka ga saifa ce.

Me zai hana a cire kawai a huta?

Wannan ita ce tambayar yayan, kuma tambaya ce ta mai hankali. Amsar na cikin abin da aikin ya ƙunsa. Idan ana zaton kansa a wutsiya, aikin da aka saba shi ne a yanke wutsiyar, sau da yawa a haɗa da saifa baki ɗaya, saboda jijiyoyinsu a sarƙe suke kuma kaluluwar da ake son cirewa na ƙofar saifa. Akwai dabarun barin saifa, amma ba kullum suke yiwuwa ba, jini na iya ɓallewa a tsakiyar aiki ya tilasta cire ta. Fankiriyas kuwa gaɓa ce mai laushi da ba ta son ɗinki. Bakin da aka yanke kan yoyo da ruwan narkar da abinci cikin ciki, kuma wannan na samun tsakanin kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin, har a manyan cibiyoyi. Mai shi kan yi makonni da robar tsiyaya a gefen ciki, wani ya yi ƙurji a ciki, wani jini ya ɓalle. Ga kuma ciwon suga da kan biyo baya, don wutsiyar na ɗauke da kaso mai yawa na ƙwayoyin insulin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saifar kanta. Ita ce matatar jini. Tana kama ƙwayoyin cuta masu kwanso, musamman mai kawo limoniya da mai kawo sanƙarau, tana kuma tsince jajayen ƙwayoyin jinin da maleriya ta shiga. Wanda ba shi da saifa na cikin haɗarin wata irin cutar jini mai gaggawa, da kan fara da ɗan zazzaɓi da safe ta kai shi gargara kafin kwana biyu, kuma tana kashe kusan rabin waɗanda ta kama. Haɗarin na tare da shi har ƙarshen rayuwa. Gombe da Bauchi na cikin zirin sanƙarau na Afirka, wanda ya taso daga Senegal zuwa Habasha. Annobar 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Damina kuma ta sauro ce. Wanda za a cire wa saifa na buƙatar allurar rigakafi aƙalla mako biyu kafin aiki, da maimaici daga baya, da gidan sauro, da maganin da zai fara sha da zarar jiki ya yi zafi, da asibiti kusa. Wannan bawan Allah gidansa ƙauye ne, yana yawon kasuwannin hatsi daga Kumo zuwa Bajoga zuwa Dukku. Raba shi da saifarsa saboda ƙullin da wataƙila saifa ne shi ma, babban abu ne da ba zan yi ba sai da hujja.

Akwai kuma lokaci a hannunmu. Ko da NET ne, ƙaramin da bai kai santimita 2 ba, marar sakin sinadari, yawanci a hankali yake girma, kuma ƙa'idojin da ƙwararru ke bi a Turai da Amurka sun yarda a sa masa ido a wasu marasa lafiya maimakon gaggawar yanka. Makonni kaɗan na bincike ba za su cutar da shi ba. Na gaya wa yayan haka a fili, na ƙara da cewa in bincike ya nuna ƙari ne, ni da kaina zan sa ranar aiki.

Hoto na biyu da na uku

Aka sake CT, wannan karon da tsarin fankiriyas: ɗauka kafin allura, sannan wajen sakan 30 lokacin da kwantaras ke cikin jijiyoyin da ke kai jini, sannan wajen sakan 70, sannan bayan minti uku. Saifa na da wata alama a ɗaukar farko bayan allura. Jini na ratsa ta ta hanyoyi biyu, ɗaya mai sauri ɗaya mai nawa, don haka a minti na farko takan fito da zane-zane masu lanƙwasa, haske da duhu, kafin ta daidaita ta zama bai ɗaya. A hotonsa saifa ta yi wannan zane, ƙullin ma ya yi shi, ko da yake ɗan kaɗan saboda ƙanƙantarsa. A sakan 70 su biyun suka daidaita tare, a minti uku suka dusashe tare. NET kan yi haske da wuri bai ɗaya ko ta gefe-gefe, kuma lambarsa ba ta bin ta saifa sau da ƙafa a kowane mataki. Mun kuma hango wata siririyar jijiya da ta fito daga jijiyar saifa ta shiga ƙullin.

MRI ta ƙara tabbatar da haka. A kowane salon ɗauka, launin ƙullin launin saifa ne: ya fi fankiriyas duhu a T1, ya fi ta haske a T2. A salon da ke auna motsin ruwa a tsakanin ƙwayoyin nama, inda saifa ke fin sauran gaɓoɓin saman ciki haske saboda cunkoson ƙwayoyinta, ƙullin ya haska daidai da ita, lambobinsu kuma suka zo kusa da juna.

A nan ne yaron ya kawo wata shawara. Ya karanta cewa gwajin da ya fi gano NET shi ne hoton PET da galiyam-68 DOTATATE, kuma ya ji ana yin sa a Masar da Indiya. Gaskiya ne gwajin na da ƙarfi wajen gano NET da inda ya yaɗu, amma a wannan tambaya tarko ne. Sinadarin da ake yi wa mutum allurarsa don wannan hoto na manne wa wasu gurabe a jikin ƙwayoyin nama da ake kira makarɓan somatostatin, waɗanda NET ke da su da yawa. Saifa ma na da su da yawa, ita ce ma gaɓar da ta fi kowacce haske a wannan hoto. Saboda haka 'yar saifa za ta haska tas, a rubuta NET, a shiga da mutum ɗakin tiyata da tabbacin da ba na gaskiya ba. Tsohon hoton gano NET da ake yi da sinadarin oktiriyotayid ma haka yake. Da sun tafi sun yi shi kai tsaye, mai yiwuwa da kuɗin shanun ya saya musu amsar kuskure.

Gwajin da ya dace shi ne wanda ke tambayar ƙullin ko yana aikin saifa. Mafi kyau a ciki, a ɗebi jinin mutum, a liƙa wa jajayen ƙwayoyin sinadarin teknishiyam-99m mai fitar da hasken nukiliya da na'ura ke gani, a ɗumama su a zafin digiri 49.5 na kimanin minti 20 don su ɗan lalace, sannan a mayar masa. Saifa aikinta tsince lalatattun ƙwayoyi, don haka takan kwashe har kashi 90 cikin 100 nasu, kuma duk inda naman saifa yake a jiki sai ya haska. Na biyu shi ne salfa koloyid, wani ɓarɓashi mai ɗauke da teknishiyam ɗin da ake turawa ta jijiya. Shi mafi yawansa hanta ke shanyewa, saifa na samun wajen kashi 10 ne kawai, don haka ƙananan ƙulli kan ɓoye masa. In ya haska an samu amsa, don NET ba ya shan sa. In bai haska ba, magana ba ta ƙare ba.

Irin waɗannan gwaje-gwaje sai a sashen likitancin nukiliya, kuma su kaɗan ne a ƙasar nan, sanannu a cikinsu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da na Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Teknishiyam-99m na rasa rabin ƙarfinsa duk awa 6, ana tatsar sa ne daga molibdinam-99 da ake shigo da shi daga waje, shi ma yana rasa rabi duk awa 66. Shi ya sa ba a zuwa haka kawai, sai an yi waya an ji ranar da kaya za su iso. Cibiyar da ta karɓe shi salfa koloyid ta yi masa, tare da ɗaukar SPECT mai nuna zurfi. An yi sa'a ƙullin na nesa da hanta kuma ya kusa santimita 2. Ya haska a daidai wurin da CT ya nuna shi, a ware da babbar saifa.

Da wannan bai ba da amsa ba, mataki na gaba shi ne endoskofi mai ɗauke da sikanin a bakinsa, a shiga ta baki zuwa tumbi, a soka siririyar allura ta bangon tumbi a tsotso ƙwayoyin ƙullin. A ƙarƙashin madubin bincike 'yar saifa kan nuna garwayen fararen ƙwayoyin jini, mafi yawa ƙananan limfosait, da siraran magudanan jini waɗanda bangonsu ke kama rinin CD8, alamar da ta keɓanta da saifa. NET kuwa kan kama rinin kuromogiranin da sinaftofaisin. Ko a nan akwai wurin tuntuɓe, don allurar kan kwaso ƙwayoyin insulin na fankiriyas mai lafiya a kan hanyarta, su kama rinin NET, su ruɗa mai dubawa in ba a gaya masa ana zaton saifa ba. Ba mu buƙaci kaiwa nan ba.

Bibiya

Ranar da suka dawo da sakamakon na juya musu kwamfutar, na nuna musu tabon haske babba da ƙaramin da ke gefensa. Mara lafiyar, wanda bai cika magana ba tun farko, ya ce, "Wato Likita, da shi aka haife ni?" Na ce ƙwarai, Malam, tun kana cikin mahaifiyarka. Yayan ya yi hamdala, ya ce to shi ke nan an gama. Na ce masa da saura kaɗan, Alhaji. Tunda ba a ɗebi nama ba, ina son in ga ƙullin bai motsa ba. An sake hoto bayan wata 6, sannan bayan shekara guda, faɗinsa na nan santimita 1.9. Ƙwannafin ma an bi sawunsa, aka samu ƙwayar H. pylori, ya sha maganinta, ya rabu da omeprazole na kullum.

Hanyar da muka bi ta yi aiki ne saboda yana da saifa lafiyayya da za a kwatanta da ita. Ba kowa ke da wannan ba a wurinmu. Babban mutum mai sikila sau da yawa saifarsa ta riga ta motse ta ƙeƙashe, babu abin kwatance a hoto. Wanda aka cire wa saifa bayan haɗari, 'yar saifarsa kan girma ta ɗauki aikin uwar, sai a ga ƙulli yana ƙaruwa a wutsiya a yi zaton ƙari ne, alhali ita ce ragowar kariyarsa. Mai ciwon hanta da jini ya taru masa a saifa, ko mai kumburin saifa na maleriya, nasa ƙullin ma na iya kumbura tare da ita. A irin waɗannan, gwajin nukiliya ko allurar endoskofi ne ke raba gardama. Kuma ƙullin da ke da duhu, ko mai gefe marar tsari, ko wanda bututu ya kumbura a bayansa, ko mai shi na ramewa ko suga ya same shi kwatsam a girma, wannan ba a jira da shi ko na mako guda.

A katinsa na rubuta da manyan baƙaƙe cewa yana da 'yar saifa a wutsiyar fankiriyas, an tabbatar da gwajin nukiliya, na kuma ce ya ajiye faifan duka wuri guda ya nuna wa duk likitan da zai sake yi masa hoton ciki. Akwai dalilai biyu bayan guje wa sabon firgici. Wani lokaci ƙunshin ruwa kan fito a cikin 'yar saifa, har ya ɗaga CA 19-9, kuma wanda ya san asalin ƙullin zai fi saurin gane shi. Sannan idan wata rana wani ciwon jini ya sa dole a cire masa saifa, kamar ciwon da garkuwar jiki ke cinye ƙwayoyin da ke daskarar da jini, wajibi ne likitan tiyata ya san akwai wata a wutsiyar fankiriyas. In aka bar ta za ta girma ta ci gaba da cinye ƙwayoyin, ciwon ya dawo bayan an sha wahalar aiki.